Yadda Ake Jinkirta Amsa Saƙonni a Wurin Aiki Ba Tare da An Ɓata wa Kowa Rai Ba

Aikina lissafin albashi ne da biyan bauca a wani ofishi mai ma'aikata ɗari da 'yan kai. A ƙarshen wani wata ina tsakiyar shigar da alawus a jadawali, na kai layi na arba'in da wani abu, sai wayata ta yi ƙara. Saƙon murya ne a guruf ɗin ofis kan gudummawar sunan wani abokin aiki. Na saurara, na amsa, na ga wani saƙon a ƙasansa shi ma na amsa. Da na dawo kan jadawali sai na tsallake layi ɗaya ban ankara ba, daga nan har ƙasa kowa ya tashi da alawus ɗin maƙwabcinsa. Bayan kwana biyu direbanmu, dattijo mai iyali, ya tsaya a gaban teburina da ƙaramar wayarsa a hannu, ya nuna mini alat ɗin banki, ya ce, "Malam, ko wani laifi na yi aka yanke mini?" Ko murya bai ɗaga ba. Kwana uku muka yi muna gyara, shi kuwa kwana ukun nan ya yi su da kuɗin cefanen da ba su kai ba.

Tun daga ranar na canja yadda nake mu'amala da saƙonni, kuma na koya wa sababbin ma'aikata da 'yan bautar ƙasa da dama da suka zauna a teburin da ke kusa da nawa. Tushen tsarin ɗaya ne. Duk wanda ka jinkirta wa amsa, bashi ka ci a wurinsa: za ka faɗa masa lokacin biya, ka rubuta, ka kuma biya a kan lokaci.

Abu kaɗan ya kamata ka sani kafin mu fara. Gloria Mark, farfesa a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, ta shafe shekaru tana bibiyar ma'aikatan ofis. A 2004 ta gano mutum kan yi kimanin minti biyu da rabi a kan abu ɗaya a allon kwamfuta kafin ya koma wani. A littafinta na 2023 lokacin ya ragu zuwa daƙiƙa 47. Ita ce kuma ta nuna cewa idan aka katse wa mutum aiki, yakan ɗauki kusan minti 23 kafin ya koma kansa, domin sai ya biya ta wasu ayyukan tukuna. Wata mai bincike, Sophie Leroy, ta bayyana a 2009 cewa idan ka bar aiki bai ƙare ba ka koma wani, wani sashe na hankalinka yana nan maƙale da na farkon. Hausawa sun riga sun faɗa: taura biyu ba ta taunuwa.

Abin da za ka tanada

Wayarka, kowace iri ce. Ƙaramin littafin rubutu da biro, wanda ba za ka riƙa rubuta komai a ciki ba sai wannan harka. Agogo wanda ba na waya ba, na hannu ko na bango, domin duba lokaci a waya shi ne ƙofar da mutum ke faɗawa WhatsApp ta cikinta. Durowa ko jaka da za ka sa wayar. Sai minti goma na lokacin oganka, wanda shi ne mafi wuyar samu kuma mafi amfani a cikinsu.

1. Ƙirga kafin ka taɓa komai

Ka yi kwana uku ba ka canja komai ba. A wayoyin Android, irin su Tecno, Infinix da Samsung, akwai wani wuri a cikin saitin mai suna Digital Wellbeing. A iPhone kuma Screen Time. Nan za ka ga sanarwa nawa kowace manhaja ta aiko maka a yini. A littafinka kuma, duk saƙon da ka tabbatar da a ce ka bar shi awa biyu da an yi asara, ka ja masa sanda ɗaya. Da yamma ka kwatanta lambobin biyu. Ni a kwana ukuna na farko sandunan ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma dukkansu masu su sun biyo bayan saƙon da kira.

2. Raba masu neman ka gida uku

Gida na farko su ne waɗanda ke da izinin katse ka a kowane lokaci: oganka na kai tsaye, mai ɗakinka ko maigidanki, mahaifa, makarantar yara, wataƙila da mutum ɗaya da aikinku ke sarƙe da juna. Kada su wuce biyar ko shida. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne cika wannan gida saboda kunya, har ya kai mutum ashirin, sai a koma gidan jiya.

Gida na biyu su ne mafi yawa: abokan aiki, 'yan kwangila, guruf-guruf na sashe, imel. Suna da haƙƙin amsa a yau, amma ba a wannan mintin ba. Gida na uku kuwa su ne tallace-tallace, guruf ɗin tsofaffin ɗalibai, na unguwa, na siyasa, labarai, da sanarwar wane ya sa sabon hoto a Facebook. Waɗannan sai an tashi aiki.

3. Yi magana da mutane kafin ka yi shiru

Wanda ya tsallake wannan mataki, tsarinsa ba ya kai mako guda. A al'adarmu, a yi maka magana ka yi shiru wulaƙanci ne, kuma idan wanda ka yi wa shirun ya girme ka, ya zama rashin kunya. Idan ka wayi gari kawai ka daina amsawa da wuri, ba wanda zai ce ka duƙufa kan aiki. Cewa za a yi ka fara girman kai, ko kana fushi da wani.

Saboda haka ka fara da oga, ido da ido, a lokacin da ba shi da baƙi. Kada ka je masa da ƙorafin cewa saƙonni sun yi maka yawa, domin zai ji kamar da shi kake. Ka je masa da amfanin aikinsa. Ga kusan abin da na ce wa nawa: "Ranka ya daɗe, ina so in rage kurakurai a lissafi. Daga tara zuwa sha ɗaya zan riƙa ajiye waya in fuskanci jadawali. Lambarka na saita ta tana shigowa a kowane lokaci. In abu na gaggawa ne, a kira ni. In saƙo ne, zan amsa ƙarfe sha ɗaya in sha Allah." Ka lura na nuna masa ƙofarsa a buɗe take, kuma na ba shi lokaci takamaimai. Yawancin shugabanni abin da suke tsoro shi ne su neme ka su rasa; da zarar ka kawar da wannan tsoron, sai su amince.

Ga abokan aiki, saƙo ɗaya a guruf ya isa, sannan ka maimaita da baki a wurin shan shayi ko a hanyar masallaci. Ƙa'idar da kake so ta zauna a kan kowa ita ce: gaggawa kira, sauran saƙo. Mutanen gida ma a gaya musu. Na taɓa mantawa ban gaya wa ƙanwata ba, ta aiko saƙo uku a kan jikin mahaifiyarmu, ban gani ba sai bayan awa biyu. Allah ya sa abin ya zo da sauƙi, amma tun ranar kowa a gidanmu ya san in magana ta lafiya ce, kira ake yi.

4. Saita waya da kwamfuta

Ka fara da lambobin gida na farko: ka buɗe kowace ka danna mata tauraro. Sannan ka shiga saitin sauti ka nemi Do Not Disturb, wato saitin da ke hana waya yin ƙara; a iPhone yana cikin Focus. Ka zaɓi cewa kiran masu tauraro kawai zai shigo. Akwai kuma zaɓin barin kiran da aka maimaita: a Android, wanda ya sake kira cikin minti 15 zai samu shiga, a iPhone kuma cikin minti 3. Ka kunna shi, domin makarantar yara ko asibiti na iya kiran ka da baƙuwar lamba. Idan masu filashin sun yi maka yawa har suna shigowa ta wannan ƙofa, ka kashe shi ka faɗaɗa masu tauraro kaɗan. Wurin da waɗannan abubuwa suke ya bambanta daga waya zuwa waya, don haka ka yi amfani da wurin bincike da ke saman saitin. Da ka gama, ka sa wani mai tauraro da wani marar tauraro su kira ka ka gwada. Kada ka yarda da saitin da ba ka gwada ba.

A WhatsApp, kowane guruf ana iya rufe masa baki na awa 8, na mako 1, ko har abada. Na gida na uku, har abada, sannan ka tura su ma'ajiyar da ake kira Archive don su bar fuskar wayar. Ka sani cewa guruf ɗin da ka rufe wa baki kawai zai ci gaba da sanar da kai idan an ambaci sunanka ko an amsa saƙonka. Wannan yana da amfani ga guruf ɗin aiki. Ana iya kafe hira uku a sama, ka ba su ga mutanen gida na farko.

Maganar shuɗiyar alamar da ke nuna an karanta saƙo, wadda WhatsApp ya kawo a 2014, ra'ayina shi ne ka bar ta a kunne. Mutane da yawa na kashe ta don su karanta a ɓoye. Amma kashewar ba ta aiki a guruf, sannan tana sa abokan hulɗa su fara zargin ka. Maganin shi ne kada ka buɗe saƙon sai lokacin da ka shirya cewa wani abu a kansa.

A kwamfuta ka rufe shafin WhatsApp da na imel gaba ɗaya, ba ka mayar da su gefe ba. Idan ofishinku na amfani da Teams ko Slack, kowannensu na da wurin dakatar da sanarwa na wani lokaci. Ka cire ƙaramar lambar nan ja da ke zama a kan manhaja. Ko ba ƙara, ganin ta kaɗai na jan hannu. Wayar kuma ka sa ta a durowa. Kife ta a kan tebur bai wadatar ba.

5. Yanke lokutan buɗe saƙo

A wani bincike da Kostadin Kushlev da Elizabeth Dunn na Jami'ar British Columbia a Kanada suka wallafa a 2015, an sa mutane su duba imel sau uku kawai a yini na mako guda, a wani makon kuma yadda suka ga dama. A makon sau uku, damuwarsu ta ragu. Ni sau huɗu ya fi dacewa da aikina: minti goma da isowa ofis, ƙarfe sha ɗaya, bayan Azahar, sai bayan La'asar kafin tashi. Jingina lokutan da salla ya sauƙaƙa mini ƙwarai, domin dama aikin ya riga ya katse, kuma in ka ce wa mutum "bayan Azahar" ya gane ba sai ya dubi agogo ba.

Kada ka fara da awa biyu cur idan ka saba duba waya kowane minti biyar. Ka fara da minti 25, ka ƙara zuwa 45, sannan awa ɗaya da rabi. Kafin ka rufe waya kuma, ka rubuta a takarda aiki guda da za ka yi a wannan tsakanin. Wanda ya ajiye waya bai san me zai yi ba, cikin minti goma zai ɗauko ta.

6. Koyi rubuta saƙon riƙo

Idan ka buɗe saƙonni, wanda amsarsa ba ta wuce minti biyu ba ka amsa nan take ka wuce. Wanda ke buƙatar bincike, lissafi ko tunani, shi ake jinkirtawa, kuma a nan ne saƙon riƙo ke shigowa. Abu uku yake ɗauke da su: na gani, ga lokacin da zan amsa, ga abin da za ka yi in ba za ka iya jira ba. Gaisuwa kuma tana gaba. Gajarta saƙo ba ya nufin a yar da ladabi.

Ga na gaba da kai: "Ranki ya daɗe, barka da aiki. Na ga saƙon. Zan duba fayil ɗin in kawo miki amsa kafin ƙarfe biyu in sha Allah. Idan ana buƙata kafin nan, a sanar da ni in ajiye abin da nake yi."

Ga abokin aiki: "Malam, na gani. Ina kan albashi yanzu, bayan La'asar zan turo maka. In abin ya matsa, buga mini."

Ga ɗan kwangila mai bibiyar kuɗinsa: "Alhaji, barka da rana. Baucarka tana wurin sa hannu. Gobe ƙarfe sha ɗaya zan gaya maka inda ta kai."

Akwai kalmomin da za ka kiyaya: "anjima", "zan duba", "ina zuwa", "ba damuwa". Ba su ɗauke da lokaci, saboda haka mai saƙo zai dawo bayan rabin awa ya ce "Malam, shiru", ka ga ka jawo wa kanka katsewa ta biyu. "In sha Allah" kuma a haɗa ta da lokaci. In ta zo ita kaɗai, mutane da yawa sun saba ɗaukar ta a matsayin sallama. Sannan ka ba kanka sarari. Idan kana ganin za ka gama ƙarfe ɗaya, ka ce biyu. Ka riga lokacin da ka faɗa ya fi ka zo kana ba da haƙuri.

Dogon saƙon murya na minti biyar fa? Ana iya ƙara saurinsa zuwa ninki ɗaya da rabi ko biyu. Idan na aiki ne mai ɗauke da lambobi, ka roƙi mai shi da ladabi ya rubuto lambar asusu ko adadin kuɗin, don gudun kuskure. Saƙon da ya ɓata maka rai kuwa, shi ya fi kowanne cancantar jinkiri. Ka rubuta "na gani, zan dawo maka", ka tashi ka sha ruwa. Sauri ya haifi nawa.

7. Rubuta bashin, ka biya

Duk saƙon riƙon da ka aika, kafin ka ɗaga hannu daga waya, ka rubuta a littafi: sunan mutum, abin da yake so, lokacin da ka ɗauka. Layi ɗaya. Idan ka amsa, ka ja layi a kansa. Kada ka dogara da ƙwaƙwalwa, kuma kada ka dogara da mayar da saƙo kamar ba a karanta ba. Sababbin saƙonni za su danne shi zuwa ƙasa, mai shi kuma ya riga ya ga ka karanta. A Gmail akwai alamar agogo da ke ɓoye imel ta dawo maka da shi a lokacin da ka zaɓa, akwai kuma damar rubuta amsa yanzu ka tsara ta tafi gobe da safe. Suna taimakawa, amma littafin nan da ke buɗe a gabana shi ne bai taɓa ba ni kunya ba.

Idan lokaci ya yi ba ka samu amsar ba, ka riga mutumin magana: "Hajiya, na ce ƙarfe biyu, amma mai sa hannu bai dawo ba. Zan sake tuntuɓar ki ƙarfe huɗu." Da wannan ne mutane ke yarda su jira ka. Bayan wata ɗaya zuwa biyu na lura 'yan kwangilar da suka saba kira na sau biyar a yini sun koma sau ɗaya, wasu ma sun daina, domin sun ga in na ce sha ɗaya, sha ɗaya ce. Kafin ka tashi aiki ka dubi littafin; abin da ya rage, ka sanar da mai shi cewa sai gobe, ka kwafe shi a shafin gobe.

8. Makon farko

Hannunka zai riƙa kai kansa durowa. Za ka ji kamar waya na girgiza alhali ba ta yi ba. Idan tunanin wani saƙo ya faɗo maka a tsakiyar aiki, ka rubuta shi a gefen takarda ka ci gaba. Ranar da tsarin ya rushe, kamar ranar da masu binciken kuɗi suka zo, ka bar shi ya rushe, washegari ka ɗora.

Idan wani abu ya gagara

Idan aikinka shi ne amsa abokan ciniki, kamar mai karɓar oda ta waya, ba za ka iya ɓacewa awa biyu ba. Ku yi karɓa-karɓa da abokin aiki: ya riƙe layin da safe kana aikin natsuwa, ka karɓe shi da rana. In kai kaɗai ne, WhatsApp Business na da saƙon da ke amsawa da kansa idan ba ka nan. Ka rubuta a ciki lokacin da za ka dawo, ka kuma rage tsakanin zuwa minti 30.

Idan oga ya ƙi yarda, kada ka yi jayayya. Ka bar nasa layin a buɗe, saƙo da kira, ka rufe sauran. Kaso mafi girma na hayaniyar dama ba daga wurinsa take ba. Bayan 'yan makonni, in ya ga aikin na fita ba gyara, ka sake ɗaga maganar.

Idan wayarka ba ta da saitin masu tauraro, ka kashe data kawai. Kira zai shigo, WhatsApp da imel su tsaya a ƙofa har ka kunna, ga kuma sauƙin caji. Wasu na sa layin gida a ƙaramar waya mai maɓalli su ajiye ta a tebur, babbar kuma a jaka, kuma wannan ita ce hanyar da na fi ba 'yan bautar ƙasa shawara.

Idan kuma masu katse ka da ƙafa suke zuwa, ka amsa sallama, ka ɗago kai ka dubi mutum, ka ce, "Sannu da zuwa, ba ni zuwa sha ɗaya, ni zan same ka." Kafin ka ɗago ɗin, ka sa biro ko rula a kan layin da ka tsaya, ko ka canja wa layin launi a jadawali. Ka rubuta sunansa a littafi. Ƙarfe sha ɗaya ka tashi ka je teburinsa da kanka.